Inda Rezo Ba Ya Kaiwa

Ranar da Raƙiya ta fara haɗuwa da Muktari, tsakiyar kansa ta fara gani kafin fuskarsa. Ta tsaya a bakin rumfarsa ta gyaran salula da ke gefen kasuwar Tawa, ta yi sallama har sau uku, bawan Allah bai ɗago ba. Kansa na duƙe, manyan yatsunsa biyu na ta tsalle a kan gilashin salula, abokansa biyu sun leƙo ta kafaɗarsa suna ihun, "Kauce! Kauce mashi!"

Raƙiya malamar firamare ce, ba ta saba maimaita magana sau huɗu ba. Ta ƙwanƙwasa teburin da bayan yatsunta kamar yadda take yi wa 'yan ajinta.

"Malam, gyara kaka yi ko wasa?"

Ya ɗago. A wannan ɗagowar wani abu ya faru a cikin salular, abokan suka dafe kai suna salati. Shi kuwa ya dubi salular, ya dubi Raƙiya, ya sake duban Raƙiya.

"Ɗaki na sha tara nike," ya ce a hankali. "Ban taɓa kaiwa nan ba. Yanzu ya mutu."

"Allah shi jiƙan shi," ta ce. "Ga salulata, ba ta ɗaukar caji."

Ya karɓa yana dariya. Ya ɗauki ɗan tsinke ya sakace bakin cajin, sai ga farin gari yana zubowa a tafin hannunsa.

"Ke metires ta?"

"Wa yah hwaɗa maka?"

"Salularki. Alli ta sha har ta ƙoshi."

Murmushi ya so ƙwace mata, ta danne shi. Ya jona salular, ta ɗauki caji nan take. Sai ya danna wasu lambobi a ciki, wata salula ta yi ƙara a aljihunsa. Ya ce gwaji ne. Raƙiya ta san gwajin caji ba ya bukatar kira, amma da ta koma gida ba ta goge lambar ba.

Bayan la'asar saƙo ya shigo.

"Assalamu alaikum Metires. Muktari mai gyara na. Ina tambayar jikin marar lahiya, ko ta ci gaba da ɗaukar caji?"

Ta bar shi ya jira awa biyu, don kada ya ce ta ƙosa, sannan ta amsa.

"Ta warke. Ina yi muku ta'aziyyar mamacinku na ɗaki sha tara."

Daga nan magana ta ƙullu. Iyayen Raƙiya a Kalfu suke, ita kuma tana zaune a gidan ƙanin mahaifiyarta, Kawu Ɗanlami, saboda aiki. Can Muktari ya riƙa zuwa zance duk ranar Lahadi da yamma. Ta ga mutum mai sanyin hali, mai riƙe da mahaifiyarsa, wanda zai yini yana neman 'yar ƙusa kamar ƙwayar gero bai yi tsaki ba. Ba ta san lokacin da ta fara gane ƙarar mashin ɗinsa tun daga kwana ba.

"Raƙi, sanyin idona, yau na gyara salula goma sha ɗaya, duk wadda na buɗe ina duba ko akwai alli ciki."

"Mai gyara, ka kama aikinka. Amma Lahadi kada ka makara."

Abu guda ne ba su jitu a kansa ba, wasan nan. Shi da abokansa suna kiran sa Rijiya. Ya sha ƙoƙarin yi mata bayani.

"Wani ɗan mutum na mai takobi da hitila, shina sauka cikin ƙasa ɗaki bayan ɗaki. In ya mutu sai ka koma bakin rijiya, duk abin da ka tara ya tahi. In ka sake sauka kuma ɗakunan sun canza, ba ka san abin da za ka iske ba."

"Wato ka sha wahala, a ƙwace, ka sake shan wata. Kuma kai da kanka kaka nema."

"Taɓa sau guda ki gani, Raƙi."

"Allah shi kiyaye. Littattahwan yara saba'in na jirana."

Ko leƙa gilashin ba ta taɓa yarda ta yi ba. A ganinta wannan aikin banza ne na samari, aure zai raba shi da shi. Da ta san abin da ke tafe, da ta leƙa ko sau ɗaya ne.

Damina ta faɗi, aka rufe makarantu, Raƙiya ta koma Kalfu hutu. A makon ne magabatan Muktari suka je wurin mahaifinta, Malam Abdurazak. Ya karɓe su da fara'a, ya sa aka dama fura, sannan ya ce su ba shi kwanaki ya yi bincike kamar yadda aka saba. Ya ɗora wa Kawu Ɗanlami aikin, tunda shi ne a Tawa.

Kawu bai yi wasa da amanar ba. Ya tambayi limamin unguwar su Muktari, ya tambayi maƙwabta, ya tambayi mai shayi. Kowa alheri yake faɗi. A ƙarshe ya ce bari ya gani da idonsa. Da yake Muktari ya san shi, sai ya zagaya ya shiga rumfar tela da ke bayan tasa, ya leƙa ta wata ɓula a jikin kwano.

Ga abin da ya gani. Kati uku a jere a kan gilashi, yatsan Muktari na shawagi a kansu, abokai na cewa, "Na tsakiya! Ɗauki na tsakiya!" Can kuma sai ga kuɗin zinariya suna zubowa, wata lamba a kusurwa tana hawa. Kawu bai tsaya ganin ƙarshe ba, tashar motar Kalfu ya nufa.

A gidan Malam Abdurazak ba a faɗin kalmar caca da wasa. Zuwaira, yayar Raƙiya, shekara biyu ke nan da dawowarta gida da 'ya'ya biyu. Mijinta Sidi ya kamu da cacar ƙwallo ta salula, ya sayar da awakinta, ya sayar da keken ɗinkinta, ya share rumbu tun kaka ba ta yi nisa ba. Har yau in salula ta yi irin ƙarar tasa, Zuwaira takan tashi ta bar wurin.

Malam ya kira Raƙiya zaure. Kawu na gefe, ya sunkuyar da kai.

"Kawunki ya ga kati, ya ga kuɗɗi. Ke mi kis sani ga wasan ga?"

"Baba, wasa na kawai. Haka yac ce mani."

"Shi yac ce. Ke kin gani da idonki?"

Ta dubi ƙasa, ya sake tambaya.

"Kin taɓa ganin abin da ke ciki, ko sau guda?"

"A'a, Baba."

"To za ki iya rantse mani ba caca ta ba?"

Tana koyar da yara kada su faɗi abin da ba su sani ba, ga shi yau an tsare ta da nata darasin. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne, da ta duba zuciyarta sai ta tarar ita ma shakka ta shige ta. Ai Zuwaira ma ta yarda da Sidi.

"Ba ni iya rantsewa, Baba."

"To maganar ta tsaya nan. Ba ni binne ɗiya biyu rami guda."

Ta fita tsakar gida ta rubuta wa Muktari.

"Muktari, don girman Allah ka hwaɗa mani gaskiya. Wasan nan naka akwai kuɗɗi ciki? Kawu ya ga kati da zinariya. Baba ya tsai da maganarmu."

Amsar ta zo kafin ta sauke hannu.

"Raƙi, kawu ya ga abin da bai gane ba, ban ga laihinai ba. Amma ke? Wata biyar kina dubana, yau kina tambayata ko ni ɗan caca na?"

"Ban ce kai na ba. Na ce ban sani ba."

Bai amsa ba. Ranar ta wuce, wata ta bi ta, ta uku ma haka. Raƙiya ta riƙa duba salula har Inna ta yi mata faɗa. Abinci ya daina shiga. A rana ta biyu wasu dattawa suka zo daga Affala gaishe da Malam, aka ji suna ambaton wani ɗansu mai shagon hatsi, Malam kuma bai kore su ba. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ke sa mutum ya zuba gishiri sau biyu a miya.

A rana ta huɗu saƙonsa ya shigo.

"Na yi hushi, na huce. Kina da gaskiya, ba ki gani ba, kuma kin ga abin da ya sami Zuwaira. Gobe ina zuwa wurin Baba da salular a hannuna. Ko mi za shi ce, ke nika so, Raƙi. Ki yi mani addu'a."

Ta karanta har sau biyar, ta share ido da bakin mayafi.

Da hantsi ya iso. Ya durƙusa a zaure gaban Malam da Kawu, ya ajiye salular a kan tabarma. Raƙiya na bayan ƙofa tana jin komai.

"Baba, in wasan ga na matsala, yanzu in goge shi gabanka."

"Sidi ya goge nashi gabana sau ukku," in ji Malam. "Bar shi yadda shike. Raƙiya, hito. Ku tashi mu tahi gonar kwari."

Suka dubi juna, ba wanda ya gane. Gonar kwari tana bayan duwatsu, tafiyar rabin awa. Malam na gaba da sandarsa, Kawu na bin sa, Muktari a baya, Raƙiya na tsakiya. Gero ya kai ƙugu, ƙasa na da danshin ruwan shekaranjiya.

A gindin wata aduwa Malam ya tsaya. Ya zaro 'yar ƙaramar salularsa mai maɓallai, ya miƙa wa Raƙiya.

"Kira innarki."

Ta gwada. Ba ta shiga ba.

"Gwada da ta Muktari."

Ita ma shiru, ko sanda guda ta rezo babu.

"Shekara talatin ina noman kwarin ga, tun da salula ta zo ba a taɓa kirana nan ba," in ji Malam. "Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma Sidi ya koya mani abu guda. In rezo ya ɗauke, har bisa rumbu shika hawa nema, don caca ba ta ci sai da mai karɓa a wancan gehe. In abin ga ya yi aiki nan, mun rage hanya. Raƙiya, ke za ki taɓa. Duk rubutun da ya hito ki karanta mani da Hausa. Kai kuma nuna mata inda aka dannawa, ka koma can iyakar gona."

Muktari ya nuna mata da murya ƙasa-ƙasa. Babban yatsan hagu na tafiya, na dama na sara. Ya so ya ƙara wani abu, Malam ya yi gyaran murya. Ya tafi ya tsaya can wajen gamba, hannuwansa a baya, kamar ɗalibin da aka kora daga aji.

Raƙiya ta zauna a kan saiwa, Malam a damanta, Kawu a hagunta. Ta danna. Wasan ya buɗe. Ta sauke ajiyar zuciya, Kawu kuma ya ce, "Tukuna dai."

Ga ɗan mutumin da fitilarsa a bakin rijiya. Ta tura shi, ya faɗa ɗaki na farko, ya tafi kai tsaye ya dafe bango yana ta tafiya a wuri ɗaya. Jemagu uku suka sauko masa. Ta danna sara, ya sari iska. Kafin ta juya shi gilashin ya yi ja.

"Mi anka rubuta?"

"An ce ya mutu, Baba."

"Tun yanzu? Sake."

Ta sake. Ta shirya wa jemagu, sai ta tarar da wani ɗaki dabam, mai ruwa a tsakiya da kunama kamar jaki. Haushi ya kama ta, don ta tsani jarabawar da ba a karanta ba. Ta yi ta danna sara ido rufe, da ta buɗe sai ta ga kunamar ta kife. Kati uku suka fito a jere.

"Ga su nan!" Kawu ya zabura. "Wallahi su na nig gani!"

Ta matso da gilashin, ta karanta ɗaya bayan ɗaya.

"Na hwarko, takobi mai wuta. Na biyu, takalmi mai sauri. Na ukku, ƙarin rai guda. An ce a zaɓi ɗaya."

"Nawa aka biya?"

"Ba a ce a biya ba."

Malam ya shafa gemu. "Ɗauki takalmi. Wanda bai iya hwaɗa ba gudu ya kamace shi."

Ta ɗauki takalmi. A ɗaki na gaba ta fasa wata tukunya bisa kuskure, zinariya ta watse, lambar kusurwa ta hau. Kawu ya nuna da yatsa, Malam ya ce a ci gaba. Takalmin ya kai ta ɗaki na huɗu, can wani abu ya fito daga ƙasa ya gama da ita. Lambar ta koma sifili, takalmin ma ya tafi.

A sauka ta uku wani abu ya canza. Yatsunta sun fara ganewa. Ta lura jemage kan ja baya kafin ya kawo hari, kunama kan ɗaga wutsiya. Ta ji kanta tana cewa "kauce" a hankali, kunya ta kama ta. Ashe abin da take rainawa yana da nasa karatun. Gumi ya jiƙa tafin hannunta, ta goge a zani. Ɗaki na uku, na huɗu, na biyar. Har Malam ya fara matsowa yana cewa, "Bayanki, bayanki."

Sai ta shiga ɗaki na shida. Babu jemage, babu kunama. Wani akwati ne a tsakiya mai fitilu, da rubutun Faransanci a samansa. Ta karanta a zuci.

An rubuta: zuba zinariya goma, ka gwada sa'arka.

"Mi anka ce?" in ji Malam.

Ta ɗaga ido. Can nesa Muktari na tsaye cikin rana, bai san ɗakin da ya fito ba, ba kuma yadda za a yi ya sani. Baba bai iya karatun boko ba, Kawu ma haka. In ta ce an rubuta ƙofa a kulle take, ta juya ta fita, shi ke nan. Babu wanda zai taɓa ganewa. Ta tuna mashin ɗin Muktari, ta tuna dattawan Affala. Hawaye ya cika mata ido har rubutun ya dushe.

"Raƙiya, ina jin ki."

"An ce..." Muryarta ta karye, ta sake ɗauka. "An ce a zuba zinariya goma, a gwada sa'a. Ko a samu, ko a rasa."

"Ban hwaɗa ba?" Kawu ya tafa hannu. "Ban hwaɗa ba, Malam?"

Malam bai dube shi ba. Ya ɗaga sanda ya yafito Muktari. Ya zo da sauri, ya leƙa gilashin, fuskarsa ta sauya.

"Ka san ɗakin ga?"

"Na san shi, Baba. Ba kullum shika hitowa ba."

"In ya hito, kana zubawa?"

Raƙiya ta roƙe shi da ido, ita kanta ba ta san me take roƙo ba.

"Wani lokaci ina zubawa, Baba."

Ta runtse ido. A ranta ta ce shi ke nan, an gama.

"Zuba," Malam ya ce mata.

Ta zuba. Fitilun suka yi ta juyawa, suka tsaya, akwatin ya tofo hayaƙi kawai. Ta wuce ɗaki na bakwai, ko minti ba ta yi ba aka kashe ta. Gilashin ya yi ja, lambar ta koma sifili.

"Yanzu wa yac ci kuɗɗin?" Malam ya tambayi Muktari.

"Ba kowa, Baba. Zane na. Cikin tukwanen wasan aka samun su, cikin wasan suka ƙarewa."

"In ka ci, ina kaka zuwa karɓa?"

"Ba ko'ina. Da an mutu sun tahi."

"In kana son komawa, mi kaka biya?"

"Sai dai cajin batir."

"Daga ƙaramar caca aka koyon babba," in ji Kawu, amma muryarsa ta rage ƙarfi.

Malam ya miƙe. Ya shiga cikin geron, ya duƙa ya fara cire ciyawa da hannu. Ya bi kunya guda har ƙarshe, ya juyo ta wata. Su uku suka zauna suna jira. Raƙiya na kallon bayan rigar mahaifinta. Muktari ya buɗe baki zai yi mata magana, ta girgiza kai. Ba ta taɓa ganin kunyar gero mai tsawon wannan ba.

Da ya dawo ya karkaɗe hannu, ya zauna, ya dubi ƙasa.

"Shekara guda kahin Zuwaira ta dawo gida, na iske salular Sidi bisa tabarma, rubutu na ta gudu cikinta. Nic ce, ɗiyata, mi anka rubuta nan? Tac ce labarin ƙwallo na, Baba. Ta san ko mi na. Lokacin awakinta na nan, rumbu cike. Da ta karanta mani gaskiya rannan..."

Bai ƙarasa ba. Ya goge fuska da hannun riga.

"Tun da munka baro gida, ba salular ga kaɗai nika tsoro ba. Tsorona in sake aurad da ɗiya wadda za ta dubi idona ta ce labarin ƙwallo na. Na ga lokacin da kin ka tsaya, Raƙiya. Na san kin iya ce mani komi."

Kuka ya ƙwace mata. Ta kifa kai a gwiwa.

Malam ya juya ga Muktari. "Kai ma ka iya cewa ba ka taɓa zubawa ba. Wasanka ba caca ta ba, na gani. Amma ɗakin can ban so shi ba. In ka iske shi, ka wuce."

"Na yi alkawari, Baba."

"Ka ce ma magabatanka su dawo. In an yanke hatsi a ɗaura."

Muktari ya durƙusa har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa. Kawu Ɗanlami ya miƙa masa hannu ya ce ya yafe masa, amana ce aka ba shi. Muktari ya riƙe hannun da hannu biyu ya ce da ƙanwarsa ce shi ma haka zai yi.

Bai kai Tawa ba saƙonsa ya shigo, da alama a hanya ya tsaya ya rubuta.

"Amaryata. Ban taɓa jin tsoro irin na yau ba, ban kuma taɓa son ki irin na yau ba. Amma ɗaki na bakwai a rana ta hwarko? Ni sai da na yi sati."

"Angona, ka tuƙa a hankali. Ɗaki na bakwai kuma kada ka hwaɗa ma kowa, ina da mutunci a lakwal."

Bayan kaka, ranar wata Asabar da hantsi, aka ɗaura auren Muktari da Raƙiya a ƙofar gidan Malam Abdurazak. Mutanen Tawa suka cika mota biyu, aka raba goro da dabino, Kawu Ɗanlami ne ya fi kowa kai da kawowa. Zuwaira da kanta ta yi wa amarya lalle.

Da yamma, kafin a sa ta a mota, aka kai ta sallamar iyaye. Gwaggonni suka yi ta yi mata nasiha, ki yi haƙuri, ki rufe sirrin mijinki, abin cikin ɗaki ya tsaya cikin ɗaki. Tana lulluɓe tana gyaɗa kai tana kuka. Aka kawo ta gaban mahaifinta a ƙarshe. Ya daɗe yana kallon ta.

"Duk abin da gwaggonninki sunka ce gaskiya na, ki riƙe. Ni nawa guda na. Na ba ki mutumin kirki, ina kyautata mashi zato. Amma in wata rana kin ga abin da ya tsorata ki, ki zo ki karanta mani shi yadda shike a rubuce. Ƙohwar ga ba ta ruhuwa."

Zuwaira na tsaye a bakin ƙofa da ɗanta a hannu. Ta matso ta gyara wa ƙanwarta mayafi, hawaye na bin kumatunta.

"Ki ji shi, Raƙiya," ta ce. "Ki ji shi."

Malam ya ɗora hannu a kan amarya ya yi addu'a, gida duka ya amsa da amin. Aka fita da ita ana guɗa, motar ta kama hanyar Tawa inda Muktari ke tsaye a ƙofar gida cikin farar shadda, ya kasa zama tun azahar.

Allah ya sa albarka a gidan Muktari da Raƙiya, ya zaunar da su kan gaskiya, ya ba su zuriya ta gari, ya kuma sanyaya zuciyar Zuwaira. Amin.